Kwamfuta shida, firinta ɗaya, gini biyu: wace hanya ce mafi sauƙi ta haɗa su?

Abu_Sumayya (Unguwar Dosa):

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haɗa kwamfutoci. Ga yadda wurin yake: gidan bene ne, ginin bulo inci 9, tsakanin sama da ƙasa rufin kankare ne. A bayansa akwai wani gini mai ɗaki biyu da aka mayar ofishin buga takardu da cike fom, tazararsa da babban gida kamar mita 35, kuma wutarsa daban take, da nata mitar. A ofis akwai kwamfutar tebur 4 da firinta ɗaya mai Wi-Fi, tana kuma da ramin kebul a bayanta. A cikin gida akwai laftof 2, talabijin mai shiga intanet, da wayoyi kusan 15 idan an haɗa da na yara da baƙi. Intanet ɗin rauta ce ta 4G mai SIM, tana falon ƙasa bayan talabijin. Akwai kuma tsofaffin rautoci biyu marasa SIM a ajiye.

Matsalolin su ne: sabis ba ya kai sama sosai, a ofis kuwa layi ɗaya ne, wani lokaci biyu. Duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kwamfutoci su daina ganin firinta. Datar wata ba ta kai wata. Sannan takardu da filash ake yawo da su daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Wani mai shago ya ce a sayi rifita biyu, magana ta ƙare. Shin haka ne? Abin da nake so shi ne tsarin da za a yi sau ɗaya a huta, domin yaron da ke kula da ofis ya iya buga takarda amma ba ɗan netwok ba ne.

Injiniya_Malali:

Wa alaikumus salam Malam. Ajiye maganar rifita tukuna. Ita ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ta jiyo daga rauta shi take maimaitawa, kuma a tasha ɗaya take sauraro take magana, shi ya sa gudun yakan faɗi zuwa kusan rabi kafin ya iso gare ka. Idan aka kafa ta inda sabis ya riga ya raunana, waya za ta nuna layi a cike amma shafi ya ƙi buɗewa. Sauƙinta na ranar farko ne.

Tsarin da ke ba mutum hutu shi ne duk abin da ba ya motsi a ja masa kebul, a bar wa wayoyi da laftof Wi-Fi, sannan na'ura ɗaya tak ta riƙa raba adireshi, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a netwok, a duk gidan.

Fara da ɗauke rautar 4G daga bayan talabijin. Kai ta sama, kusa da tagar da ta fuskanci ƙarfen sabis mafi kusa da ku, amma kar ta manne da ƙarfen taga. Kada ka dogara da layukan da ke jikinta. Shiga shafinta ta burauza, adireshin yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Nemi inda aka rubuta RSRP, wato ƙarfin sabis, da SINR, wato tsaftarsa daga hayaniya. RSRP na kusa da -80 yana da kyau ƙwarai, idan ya wuce -100, kamar -110, ya yi rauni. SINR kuma gwargwadon hawansa gwargwadon kyansa. Daga 13 zuwa sama ka samu wuri, ƙasa da 5 ka canza taga. Ka yi gwajin bayan isha'i, lokacin da duk unguwa ta hau intanet, kuma ka gwada SIM na kamfani fiye da ɗaya, don wanda ya yi ƙarfi a Malali ba lalle ya yi a Unguwar Dosa ba.

Daga rautar kebul biyu za su fita. Ɗaya ya sauko falo ya shiga tsohuwar rauta ta farko, talabijin ya sha daga jikinta. Ɗayan ya tafi ofis ya shiga suwic, wato akwatin da ke haɗa na'urori da yawa ta kebul, mai rami 8 na gigabit (gudun 1,000Mbps). A wannan suwic ɗin: kwamfuta 4, firinta 1, tsohuwar rauta ta biyu 1, kebul ɗin da ya zo daga gida 1, saura rami ɗaya na ajiya. Idan rautar 4G rami ɗaya gare ta, ƙara ƙaramin suwic mai rami 5 a gefenta. Suwic irin wannan ba ya buƙatar wani saiti, soka wuta ne kawai.

Kebul kuwa Cat6 za ka saya, kuma kowane zare ɗaya kar ya wuce mita 100. Kwalinsa mita 305 ne, amma a shagunan kayan kwamfuta na cikin gari ana yankawa da mita. Auna hanyar da zai bi, ba tazarar kai tsaye ba, ka ƙara mita 2 ko 3 a kowane baki. A nan ake cutar mutane: akwai wanda cikinsa alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe, ana ce masa CCA. Kafin ka biya, fere zare ɗaya ka kankare shi da reza. Idan fari ya bayyana a ciki, ajiye musu kayansu. Ko ka kanga masa ashana: na jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, na alminiyom zai lanƙwashe ya zube. Araha ba ta ado; irin wannan yana karyewa a cikin kai bayan 'yan watanni, ka yi ta neman laifi a wani wuri.

Jerin launi a kan RJ45, wato kan robar da ake matsawa a bakin kebul, ka riƙe shi harshen roba na baya, haƙoran na kallonka suna sama, daga hagu zuwa dama: fari mai ruwan goro, ruwan goro, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Baki biyun iri ɗaya. Kar ka warware murɗin zaren fiye da rabin inci, kuma rigar kebul ɗin ta shiga cikin kai yadda filaya za ta danne ta. Gwada kowanne da testa, fitilu 8 su kama a jere. Gudun 100Mbps zare 4 kawai yake amfani da su, na ruwan goro da na kore, gigabit kuma sai duka 8. Saboda haka idan kwamfuta mai gigabit ta nuna 100, galibi shuɗi ko ruwan ƙasa ne bai matsu ba. Yanke kan ka sake.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke rikicewa, wato mayar da tsohuwar rauta ta zama mai watsa Wi-Fi kawai. Danna ɗan ramin da ke bayanta da tsinke na daƙiƙa 10 ta koma yadda ta fito daga kamfani. Haɗa ta da laftof ita kaɗai, kar ka haɗa ta da babbar rauta tukuna. Shiga shafinta. Idan akwai zaɓin Access Point Mode, danna shi, ya rage maka aiki. Idan babu, yi da hannu: canza adireshinta na LAN ya zama layi ɗaya da babbar, ka kashe DHCP, ka adana. Sannan kebul ɗin da ya zo daga babbar rauta ya shiga ramin LAN, ba WAN ba. Ramin WAN ɗin ma manna masa salatif.

Dalilin kashe DHCP: shi ne mai raba adireshi, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan biyu suna rabawa, wanda ya riga amsawa shi waya za ta bi, sai ka ga wannan wayar tana da intanet, ta kusa da ita babu, gobe kuma su yi musaya. Idan kuma ka soka a WAN, intanet zai yi aiki lafiya lau, amma ka raba gidan gida biyu: laftof na sama ba zai ga duk na'urar da ke jikin tsohuwar rautar ba.

Ga rabon adireshi, idan babbar 192.168.0.1 ce: rautar falo .2, ta ofis .3, firinta .10, kwamfutar da za ta riƙe takardu .20, DHCP kuma ya riƙa rabawa daga .100 zuwa .199.

Sunan Wi-Fi da kalmar sirri su zama iri ɗaya a duka ukun, don waya ta riƙa sauyawa da kanta. Tasha ce za ta bambanta: a 2.4GHz ba wa ɗaya 1, ɗaya 6, ɗaya 11, faɗi 20MHz, domin su ukun nan ne ba sa hawa kan juna. 5GHz ya fi gudu amma ba ya jure bulo da rodi, na cikin ɗaki ne. Idan waya ta nace wa rautar nesa alhali ga ta kusa, rage ƙarfin watsawar zuwa matsakaici, ba ƙarawa ba.

Baban_Khalifa_Sola (Kawo):

Injiniya ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Amma akwai wuri ɗaya da ban yarda a wuce shi da sauri ba: kebul ɗin mita 35 tsakanin gini biyu masu mita daban-daban.

Zaren jan ƙarfe da ya fita waje ya haɗa gini biyu hanya ce ta wuta. Ba sai aradu ta faɗo a kan gidan ba. Ko a nesa ta sauka, ƙarfinta yana hawa kan dogon zare, kuma tunda kowane gini da nasa ƙarfen ƙasa, bambancin da ke tsakaninsu ta cikin kebul ɗin zai bi. Alamarsa sananniya ce: bayan hadarin farkon damina, ramin da kebul ɗin waje ya shiga shi kaɗai ya mutu, ko suwic ɗin gaba ɗaya, wani lokaci har da ramin kwamfuta. A Kaduna da ruwa ke kaiwa Oktoba, wata shida kenan ana cikin wannan haɗarin.

Idan aljihu zai ɗauka, ja faiba. Gilashi ne, wuta ba ta binsa. Ana sayar da shi da kawunansa a haɗe, ka ɗauki mita 50, da 'yan akwatunan nan biyu masu juya faiba zuwa kebul, ɗaya a kowane gini. Tabbatar kan faibar da ramin akwatin iri ɗaya ne, SC da SC ko LC da LC, kuma idan mai zare ɗaya ne akwatunan tagwaye suke zuwa, A da B. A biyu ba za su yi magana ba. Kar a naɗe shi sosai a kwana, kar a taɓa bakinsa da yatsa, kar kuma a leƙa cikinsa da ido.

Idan jan ƙarfen ne dole, to a sayi na waje mai baƙar riga, a zura shi cikin bututun roba a binne, a sa abin kare tsawa na kebul a baki biyun, kowanne a ɗaure shi da ƙarfen ƙasa na gininsa. Ba a ɗaure ba, ado ne kawai. Kada a rataye shi a sama daga kwano zuwa kwano, kuma kada ya kwanta a bututu ɗaya da wayar wuta. A ba su tazarar kamar ƙafa ɗaya, inda dole su haɗu su gitta juna.

Sai maganar ɗauke wuta. Rabin ciwon kan netwok a garin nan daga nan yake. Rauta da suwic ba sa cin wuta, don haka babu dalilin da zai sa su riƙa mutuwa sau biyar a rana. Duba cajar kowacce: 12V 1A na nufin ba ta wuce wat 12. Rautoci uku da suwic biyu da akwatunan faiba, ka yi lissafin wat 50 a sama-sama. Batir 12V 100Ah wat-awa 1,200 ne, idan ka ci rabinsa kawai don ya daɗe, 600 kenan, wato awa 12. Idan akwai inbata a gida, sa su a layinsa. Idan babu, akwai ƙaramin UPS na rauta, wato akwatin batir mai riƙe wuta idan an ɗauke, mai fitar da 5V, 9V da 12V kai tsaye, ɗaya a gida ɗaya a ofis. Shi ne kuma ke rufe giɓin nan na lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareto.

Karanta cajar kafin ka soka. Wasu ƙananan rautocin TP-Link 9V suke sha, wasu suwic 5V, kuma bakin cajar kan yi kama da juna. Ka ba mai 5V wutar 12V, wari kawai za ka ji. Haka nan kar a ɗaura rauta kai tsaye a kan batir ɗin sola, domin yana haura 14V lokacin caji. Kuma kar a ɓoye su a cikin silin ƙarƙashin kwano ko a rufaffen kabad; zafin Maris da Afrilu yana sa su riƙa kashe kansu suna kunnawa. Da hunturu a riƙa hure musu ƙura.

Abu_Sumayya (Unguwar Dosa):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu: na ga wasu na'urori da ake sokawa a soket su bi ta wayar wutar gida, da kuma wanda ake kira mesh da aka ce da waya ake saita shi cikin minti kaɗan. Ba za su raba ni da fasa bango ba? Sannan har yanzu ban gane abin da ke ɓatar da firintar ba.

Maman_Nana_ICT (Barnawa):

Malam, na soket ɗin manta da shi. Yana so ne bakin biyu su kasance a layin wuta ɗaya mai tsafta. Ofishinka mitarsa daban, a cikin gida kuma ga canjin layi, ga inbata, ga sitabilaiza, kowanne yana datse shi ko ya rage masa gudu.

Mesh kuwa, wato rukunin na'urorin Wi-Fi masu aiki tare kamar guda ɗaya, gaskiya ne yana da sauƙi, kuma a nan na ɗan saɓa da Injiniya. Ga wanda ba ɗan netwok ba, irin su Deco sun fi tsofaffin rautoci daɗin kulawa: manhaja ɗaya a waya, ka ga duk wanda ya hau, ka dakatar da wayar yaro da dare, ka canza kalmar sirri sau ɗaya ta canzu ko'ina, maimakon shiga shafi uku. Sai dai ba ya soke kebul. Idan na'urorin ta iska suke magana da juna, kankaren da ya hana rautarka wucewa su ma zai hana su. A ja kebul ɗin yadda aka faɗa, a ɗora mesh a kai, a nan yake nuna kyansa. Kuma yana fitowa ne a matsayin rauta mai raba nata adireshin, Deco kan fara da 192.168.68, don haka a shiga manhajar a mayar da shi Access Point, in ba haka ba an koma matsalar gida biyu. Shawarata: fara da tsofaffin da kake da su tunda kyauta ne, kebul ɗin ba zai tashi a banza ba ko ka sauya daga baya.

Firinta. Abu biyu ne ke faruwa. Na farko, kwamfuta ta haddace cewa firinta tana, misali, 192.168.0.104. An ɗauke wuta, rauta ta manta rabon da ta yi, da aka dawo wayar wani ta riga karɓar 104, firinta ta samu 109. Kwamfuta tana ta aika aiki inda babu kowa. Na biyu, firinta takan riga rautar 4G farkawa. Ta nemi adireshi ba ta samu mai ba ta ba, sai ta ba kanta wanda ya fara da 169.254, wanda ba mai iya kai wa gare shi.

Maganin duka biyun ɗaya ne. Soka mata kebul, kashe Wi-Fi ɗinta, shiga saitin netwok a allonta ka mayar da shi na hannu: adireshi 192.168.0.10, subnet 255.255.255.0, gateway 192.168.0.1. Ana iya kama mata adireshin daga cikin rauta, amma na fi son a rubuta a jikinta, don ko rauta ta mutu ofis zai ci gaba da bugawa ta suwic muddin kwamfutocin na riƙe da adireshinsu. Sannan a kowace kwamfuta goge tsohuwar firintar, danna Add device, jira har rubutun Add manually ya fito, zaɓi ƙarawa da adireshin IP, nau'i TCP/IP Device, rubuta 192.168.0.10. Kar ka bari Windows ta nemo ta da kanta, domin takan ɗora ta a kan WSD, tsarinta na nemo na'urori da kanta, wanda ya yi suna wajen nuna firinta a kashe alhali tana kunne. Gwaji: rubuta adireshin a burauza, idan shafin firintar ya buɗe, netwok ba shi da laifi.

Kar kuma ka bi hanyar soka ta da USB a kwamfuta ɗaya a raba wa sauran. Dole waccan ta kasance a kunne kullum, kuma tun sabuntawar Windows ta Satumba 2021 wannan hanyar ke yawan jefo kuskuren 0x0000011b.

Takardu kuma, a daina yawo da filash. Da can akwai HomeGroup mai sauƙaƙa wannan, Microsoft ta cire shi a 2018, yanzu sai da hannu, amma sau ɗaya ne. Zaɓi kwamfutar da ta fi lafiya, ba ta 192.168.0.20. A duka kwamfutocin ofis shiga Settings, Network & internet, Ethernet, mayar da shi Private network; a Public kwamfuta ɓuya take yi, wannan kaɗai ya isa ya hana su ganin juna. A Advanced sharing settings kunna Network discovery da File and printer sharing. A kan ta .20 buɗe sabon asusu na cikin kwamfuta, sa masa suna ofis da kalmar sirri. Yi folda mai suna Aiki, danna dama, Properties, Sharing, Share, ƙara asusun ofis da izinin Read/Write. A sauran, danna maɓallin Windows da R, rubuta \\192.168.0.20\Aiki, sa sunan da kalmar sirrin, ce ta tuna, sannan Map network drive don ta zauna kamar faifai. Hana ta .20 yin barci idan tana kan wuta.

Za ka ga masu cewa a kashe kalmar sirri don sauƙi. Windows 11 Pro daga 24H2 tana ƙin shiga foldar da ba ta da asusu, kuma gara haka. Wanda ya ce ka kunna SMB1, tsohon tsarin raba folda na Windows, don tsohuwar na'ura ta yi aiki, ka tuna ta nan cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi a Mayun 2017. Idan akwai mai Windows 10 a cikinsu, tallafinta na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, a fara shirin sauyawa. Kuma foldar nan ba ajiya ba ce: duk Juma'a a kwafe ta a faifan waje, a zare shi a sa a durowa.

Dan_Rigasa_Tech:

Hajiya ta gama da firinta. Ni data zan taɓa, don gyaran nan zai ƙara cinta ne, ba ragewa ba: sabis ya yi ƙarfi, bidiyo zai hau inganci mafi girma da kansa.

Waya da kwamfuta suna ɗaukar duk Wi-Fi kyauta ne. Da sun hau sai sabunta manhajoji, tura hotuna Google Photos, ajiyar WhatsApp, sauke bidiyon guruf. A Windows kunna Metered connection a kan Ethernet da Wi-Fi duka, amma bayan an gama sa firinta, don yana hana direba saukowa. Sau ɗaya a wata a kashe shi a bari ta sabunta. A Android ma akwai Treat as metered cikin saitin wannan Wi-Fi ɗin. Babban mai ci dai talabijin ne: Netflix kan ci har 3GB a awa a HD, har 7GB a 4K, kusan 1GB a SD, wanda ke ƙasa da HD. Awa biyu kullum a HD, 180GB kenan a wata. Rage shi daga saitin asusun, YouTube kuma a tsayar da shi a 480p.

Kalmar sirri: WPA2 mai AES, ko WPA3 idan duk na'urorin sun san shi, haruffa 12 zuwa sama, ba lambar wayar maigida ba. Kashe WPS, wato hawa Wi-Fi ta danna maɓalli ko PIN ba da kalmar sirri ba. Canza kalmar sirrin shiga shafin rautar ma, domin admin/admin kowane yaro ya san ta. Kuma ka sani tun Android 10 duk wanda ya hau yana iya nuna wa abokinsa QR ya hau, ba sai ya san kalmar ba. Toshe waya ta lambar MAC, wato lambar shaidar da ke jikin kowace na'ura, ba ya daɗewa yanzu, saboda Android 10 da iOS 14 suna ɓoye ta gaskiya su nuna wata. Abin da ke aiki shi ne suna biyu: na asali ga ofis da manyan gida, ba a ba kowa, na baƙi ga yara da masu zuwa, a ƙayyade masa gudu idan rautar ta yarda, a canza kalmarsa duk wata.

Gargaɗi ɗaya kan tsarin Injiniya: na baƙi a kan tsohuwar rautar da aka kashe wa DHCP sau da yawa ba ya aiki, ko ya yi aiki amma bai killace kowa ba. Gwada da kanka. Hau na baƙin da waya, rubuta 192.168.0.10 a burauza. Idan shafin firinta ya buɗe, kwastoma ma zai iya kai wa ga kwamfutocinka. Kashe shi a nan, ka bar na babbar rauta kaɗai.

Injiniya_Malali:

Gyaran Baban Khalifa daidai ne, a bi faiba idan da hali.

Saura abin da zai sa yaron ofis ya iya riƙe wurin ba tare da kiran kowa ba. Kowane kebul a manna masa lamba a baki biyun. Takarda ɗaya a bango kusa da suwic: sunan kowace na'ura, adireshinta, ramin da take. Kalmomin sirri a wata takardar daban, a hannunka. A shafin kowace rauta akwai Backup, sauke fayil ɗin ka ajiye. Ranar da wani ya danna tsinke, minti biyu ya ishe ka mayarwa.

Idan abu ya tsaya, ga jerin da zai bi. Ya duba fitilar ramin a suwic; babu haske, kebul ne ko wuta. Akwai haske, ya danna maɓallin Windows da R ya buɗe cmd, tagar rubuta umarni, ya rubuta ipconfig. Ya ga 169.254, kwamfutar ba ta jin babbar rauta, ya duba hanyar da ta taho daga gida. Ya ga 192.168.0 da wani abu, ya rubuta ping 192.168.0.1. Ta amsa, sai ping 8.8.8.8. Wannan bai amsa ba, gida lafiya yake, data ce ta ƙare ko sabis ya faɗi. Ya amsa amma shafuka ba sa buɗewa, DNS ne, wato mai juya sunan shafi zuwa adireshi, a sa 8.8.8.8 da 1.1.1.1 a babbar rauta. Idan kuma ya ga adireshin da ba na layinku ba, wata tsohuwar rauta ta koma saitin kamfani ta fara raba nata. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya har a gane wacce ce.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne komai ya tsaya lokaci guda, fitilun suwic duka suna ƙyaftawa da sauri tare. Wani ne ya tsinci bakin kebul a ƙasa lokacin shara ya soka shi a ramin da babu kowa, alhali ɗayan bakin yana jikin suwic ɗin, saƙo ya yi ta zagaye har ya cika hanya. Ya zare wanda ba shi a takardar bango, nan take za a dawo. Ramin ajiyar nan na takwas shi ma a rufe shi da salatif. In za a kashe a kunna, babbar rauta ce farko, a ba ta minti 2, sannan suwic, sannan sauran.